Ranar da Na Je Neman Aure Ni Kaɗai

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Umdurman ba, kuma ko ni na manta, akwai dattawa cike da rumfa da za su iya tuna mini. Abin ya faru ne lokacin Khartoum tana zaune lafiya, kafin yaƙin nan ya watsa kowa. Ina saurayi, ina aikin akawu a wani ƙaramin kamfanin dakon kaya kusa da kasuwar Suk al-Arabi. Albashina bai taka kara ya karya ba, amma buri kam ina da shi har da na bayarwa.

Ciwona a lokacin littattafan soyayya ne. Akwai masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a gindin barandodin kasuwa, to ni kwastomansu ne na dindindin. Na Larabci, da na Hausa waɗanda fatake kan shigo da su daga Najeriya, duk wanda na samu sai na cinye shi a mota tsakanin unguwarmu Soba da wurin aiki. Kusan duk labarinsu ɗaya ne: yaro talaka mai ƙwaƙwalwa, 'yar mai kuɗi, da uba mai taurin kai. Wata rana yaron zai sa kwat, ya riƙe fure, ya tunkari uban a gaban jama'a, ya faɗi wasu maganganu masu ratsa zuciya. Uban zai share ƙwalla. Kafin ka juya shafi an ɗaura aure, yaron ya zama manajan kamfani. Mutane suna karanta irin wannan don su rage lokaci, ni kuwa darasi na ɗauke shi (har layi nake ja a ƙarƙashin wasu jimloli, Allah na tuba).

Mu 'yan Soba ne, amma asalinmu yankin Jazira ne, inda ake noman auduga. Kakana aikin auduga ya kawo shi, Baba ma a gonar auduga ya buɗe ido. Daga baya ya dawo Soba yana kula da gonar wani mutum a bakin kogi, yana noman albasa da ganye da ciyawar dabbobi. Idan aka tambaye ni sana'ar mahaifina a ofis, cewa nake, "Yana harkar gonaki a Soba." Ba ƙarya ba ce, amma dai an yi mata wanka an shafa mata mai.

Sai ga Tahani. Ita 'yar Alhaji Ɗayyabu ce, babban mai sayar da yadi a Kasuwar Umdurman. Su ma Hausawa ne kamarmu, sai dai kakanninsu ta hanyar Makka suka zo da littattafai da ɗan jari, namu kuwa da fartanya. Takan zo ofishinmu bin diddigin dilolin mahaifinta. Da Larabci muke magana, har ranar da ta ji ina yi wa wani direba faɗa da Hausa, ta ce, "A hankali dai, kada ka cinye shi." Daga nan hira ta ɓarke. Muka riƙa haɗuwa da la'asar wajen wata mai shayi a bakin Nilu. Tana kirana "ya ustaz" don kullum da littafi a hammatata. Ina sonta ƙwarai, wannan kam babu littafi a ciki. Amma idan zan faɗi gaskiya, ina son gidansu ma, da shagunan nan, da yadda za a riƙa cewa "surukin Alhaji Ɗayyabu ne."

Wata rana ta ajiye kofin shayi ta ce, "Ya ustaz, idan da gaske kake, ai ka san hanya. Gidanmu ba ɓoyayye ba ne."

Na san hanya mana. Ko yaron goye a cikinmu ya san saurayi ba ya zuwa neman aure da ƙafarsa, manyansa yake turawa. Amma da na hango Baba da takalmin robarsa da faso a dunduniya yana taka kafet ɗin Alhaji, sai gabana ya faɗi. Kunya na ji, ba wani abu ba. Sai na lulluɓe kunyar da sunan wayewa, na ce wa kaina ai zamani ya canza, namijin gaske shi yake yi wa kansa magana.

A wannan zaman ne ta ambata cewa Juma'a mai zuwa za a ɗaura auren ɗan baffanta a ƙofar gidansu, duk dangi za su hallara. Ita labari kawai ta ba ni. Ni kuwa nan take na ga babi na goma sha tara ya buɗe: uba, baffanni, jama'a, ga rana ta farin ciki da ba a mayar da mai roƙo. Ban gaya mata komai ba, don a littafi ba a gaya wa yarinya.

Akwai kuma wata dabara da na koya. Kafin jarumi ya yi babban yunƙuri, sai ya ɓace ɓat na 'yan kwanaki, yarinya ta neme shi ta rasa, zuciyarta ta yi laushi. Saboda haka tun farkon mako na kashe wayata, na jefa ta ƙarƙashin katifa. Na riƙa yawo ina murmushi ni kaɗai ina cewa, yanzu tana can ta kasa cin abinci. (Mai karatu, idan kana da takalmi kusa, na yafe maka, jefo.)

Na sayi baƙar kwat ta gwanjo wadda aka ɗinka don wata ƙasa mai sanyi da wani mutum mai faɗin kafaɗa. Na sa aka cika mini kwali da baƙalawa, wani kayan zaƙi na Larabawa. Fure ne ya ba ni wahala, don a unguwarmu wanda duk ya riƙo ganye, to na miya ne ko na akuya. Da ƙyar na samu wani mai lambu a bakin kogi ya haɗa mini jajaye da farare ya ɗaure da kirtani. Jawabina kuwa na haddace shi tsaf, har da wuraren da zan ɗan yi shiru in dubi ƙasa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kama hanya. Rana tana dukan tsakiyar ka. A cikin mota kowa da farar jallabiyarsa yana shan iska, ni kaɗai ne baƙi ƙirin kamar tukunya a cikin kwanuka. Wata tsohuwa da ke gefena ta dubi furen, ta dube ni, ta ce, "Marar lafiya za ka dubo, ɗana?" Na ce a'a, alheri ne. Ta ce, "To Allah ya sa." Kafin mu haye gada mu shiga Umdurman, rigata ta ciki ta jiƙe sharkaf, furannin ma sun fara sunkuyar da kai.

Tun daga bakin layi na hango motoci jere. An toshe titi da wata ƙatuwar rumfa, irin wadda muke ce wa siwan. Ban taɓa ganin irinta ba: an shimfiɗe ta da kafet, kujeru masu laushi, na'urorin sanyi suna busowa ta kowane ɓangare, ma'aikata da kaya iri ɗaya suna zagayawa da gahawa da ruwan sanyi. Ga ƙamshin naman rago da turaren wuta. Na ce lallai, yau na ga ɗaurin auren manya.

To, akwai abubuwan da mai hankali zai lura da su. Babu kiɗa. Babu guɗa daga cikin gida. Mutane suna hira ƙasa-ƙasa, ba mai ƙyaƙyata dariya. Na lura da su duka, kuma na samar wa kowanne amsa. Na ce masu kuɗi ba sa hayaniya, mu talakawa ne muke wage baki. Na hango wasu daga nesa sun ɗaga hannu suna Fatiha, na ce ai ɗaurin aure ma da Fatiha ake yinsa. Gaskiyar magana, a wajenmu idan an yi rasuwa tamfol ake ɗaurawa jikin katanga, a shimfiɗa tabarmi, a aro kofunan shayi a maƙwabta. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai makokin da ya fi bikinmu ƙawa ba.

Na tambayi wani mutum ina Alhaji Ɗayyabu. Ya dubi furen, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kawai ya nuna mini sahun gaba. Wani dattijo ne fari, mai furfura a gemu, da rawani, yana zaune tsakanin 'yan'uwansa.

Duk wanda ya zauna a Sudan ya san yadda ake gaisuwar rasuwa. Baƙo zai nufo masu makoki, su kuma su miƙe tsaye, kowa ya ɗaga tafukansa sama, a karanta Fatiha a zuci, a shafa, sannan a yi musabaha. Na san wannan tun ina yaro, na yi shi ba sau ɗaya ba. Amma ranar kaina yana cikin littafi. Da Alhaji ya ga baƙo ya nufo shi, sai ya miƙe. Baffannin ma suka miƙe gaba ɗaya. Zuciyata ta ce, ka gani ko, tun ba ka yi magana ba sun gane namiji ya iso. Alhaji ya buɗe tafukansa biyu a gabana.

Sai na ɗora masa furen.

Baffan da ke kusa da shi ma hannunsa a buɗe yake, shi kuma na ɗora masa kwalin baƙalawa. Na gyara kwat, na ɗaga murya yadda na bayan rumfa za su ji, na fara:

"Alhaji, ina taya ku murnar wannan rana mai albarka. Allah ya maimaita mana irinta a gidan nan ba da jimawa ba."

Na ji wani ya ja numfashi a bayana. Na ɗauka jawabin ne ya fara aiki, sai na ƙara ƙaimi.

"Ba ku san ni ba. Ba ni da gida, ba ni da mota. Amma ina da zuciya, ina da buri, kuma na rantse wata rana za ku yi alfahari da ni. Na zo da ƙafata, ba tare da ɗan aike ba, in roƙe ku auren 'yarku Tahani."

Nan ne wurin da zan yi shiru in dubi ƙasa, na kuwa yi. Rumfar ta yi tsit, sai ƙarar na'urorin sanyi. Da na ɗago, sai na ga leɓɓan Alhaji suna motsi. Bawan Allah Fatiharsa yake ƙarasawa, da furena a hannu. Ya zo shafawa ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗan sunkuyar da goshi ya taɓa bayan hannunsa. Baffan kuwa ya ƙame da kwali, yana kallon gabansa.

Wani ya dafa kafaɗata ta baya, ya raɗa mini a kunne, "Ya zol, bawan Allah, Hajiya ce ta rasu, mahaifiyar Alhaji. Yau sadakar uku. An ɗaga auren."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Gumin da ke jikina ya koma ruwan sanyi. Abin da ya fara dawo mini shi ne addu'ar da na yi, cewa Allah ya maimaita. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi, ga kafet ma an shimfiɗa a kanta.

Alhaji ya miƙa wa wani furen, ya kama hannuna ya zaunar da ni a kujerar da ke kusa da tasa. Bai ɗaga murya ba. Da Hausa ya yi mini magana, a hankali.

"Ɗana, kai ɗan gidan wa?"

Na faɗi sunan Baba, na ce muna Soba.

"Mahaifin naka yana raye?"

"Yana raye, Alhaji."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau."

Ya dube ni, ya ce, "To." Bai ƙara komai ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Na yunƙura zan gudu, sai ga farantan abinci sun fara fitowa. A Sudan kuwa ba a barin wuri idan faranti ya sauka, ko kai ne ka kashe mamacin. Haka na zauna da kwat ɗina cikin wasu dattawa muka sa hannu. Wani tsoho mai wushirya ya riƙa turo nama gabana yana cewa, "Ci mana, ango, ka sha hanya." Sauran suna ta tari a cikin rawani. Baƙalawar kuwa Alhaji ya ce a raba wa jama'a da niyyar sadaka ga Hajiya, wanda hakan ya rufa mini asiri kaɗan. Furen na hango shi an tsoma a bokitin wanke hannu.

Ina isa gida na ɗaga katifa na kunna waya. Saƙonnin Tahani suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. "Hajiya ta rasu." "Kana ina?" "Don Allah ka kira ni, ina son jin muryarka." Sai wani mai cewa, "Ba komai." Na ƙarshe kuwa bai daɗe da shigowa ba: "Kai ne mai furen?"

Washegari na sami Baba a gona yana buɗe wa albasa ruwa, ƙafafunsa cikin laka. Na kwashe komai na gaya masa, don na san ko ban faɗa ba labarin zai haye gada da kansa. Na zaci zai yi dariya ko ya yi faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dogara da fartanya ya ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Idona ya sauka kan lakar da ke jikinsa. Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi hannunsa, na ga ya gane.

"Ina da farar jallabiya, ai ka sani," in ji shi. Ya juya ya ci gaba da gyaran kwari. Wannan ta fi ta rumfa zafi, kuma har yau ban manta da ita ba.

Kashegari ya ce in shirya, za mu je ta'aziyya yadda mutane suke yi. An riga an kwance rumfar, Alhaji yana falonsa. Baba ya cire takalminsa a bakin ƙofa, inda takalman kowa suke (wannan ma ban taɓa tunaninsa ba, cewa ba mai hawa kafet da takalmi). Ya ɗaga hannu, Alhaji ya miƙe ya ɗaga, suka yi Fatiha, ni ma na ɗaga nawa fayau babu komai a ciki. Baba ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya. Yaron nan kuma a yi masa haƙuri, karatu ne ya yi masa yawa." Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Ai ya kawo sadaka." Daga nan suka shiga hirar Jazira da farashin albasa da wani malamin da dukansu suka sani. Sun fi awa suna hira, ba wanda ya ko dubi inda nake.

Bayan arba'in Baba ya ɗauki dattawa biyu daga unguwarmu suka koma da maganar aure. Alhaji ya karɓe su da mutunci, ya ce shi ba shi da ja, amma magana tana wajen yarinya. Da na ji haka na ce shi ke nan, an gama, ga babi na ƙarshe ya zo.

Muka haɗu wajen mai shayin nan. Tahani ta rame kaɗan. Na fara ba ta haƙuri kan furen, ta ɗaga mini hannu.

"Furen bai dame ni ba, ya ustaz. Muna cikin gida ana kuka aka shigo da labarin, wallahi har gwaggona sai da ta toshe baki da mayafi. Hajiya ma da tana nan, ita za ta fi kowa dariya."

"To mene ne?"

"Kakata ta mutu, ina ta kiranka, kana can kana koya mini kewa." Ta juya kofin a hannunta. "Wannan ma da zan iya yafewa. Amma na leƙa na ga mahaifinka ranar da kuka zo. Kana da uba irin wannan, ka bar shi a gida ka zo kai kaɗai. Ni tsoro nake ji. Ranar da ka hau inda kake son hawa, ban san wa za ka bari a gida ba."

Ta shanye shayinta, ta ce in gaida Baba da kyau, ta tafi. Ba mu yi faɗa ba, ba wanda ya yi kuka. Daga baya ta auri wani, kuma na ji suna zaune lafiya.

Na daɗe ban taɓa littafi ba. Wata rana ina kwashe su zan mayar wa masu bazawa a kasuwa, sai na zauna ina buɗe shafukan farko ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda na yi kuskure a darasin. A nan na ga abin da ya wuce ni duk shekarun nan. Jaruman da na kwaikwaya, kusan dukansu marayu ne. Marubutan sun san abin da suke yi: tun a shafin farko suke binne iyayen, don idan yaro ya je gaban mai kuɗi shi kaɗai, ba wanda zai tambaye shi ina mahaifinsa. Nawa uban yana raye, lafiyarsa ƙalau, mota ɗaya ce tsakaninsa da Umdurman. Ni ne na yi wa kaina maraicin da Allah bai yi mini ba, na kwashe shi na kai gidan mutane da fure a hannu.